Tallafin Agadez: wa ya samu, wa aka bari?

A 2016 gwamnatin Nijar ta fara aiki da doka mai lamba 2015-36 wadda ta hana jigilar baƙin haure. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Tarayyar Turai ta ba da kuɗi ta shirin PAIERA don masu sana'ar su sauya aiki, da alkawarin jarin sefa miliyan ɗaya da rabi ga kowa. Dubbai suka rubuta suna, ɗaruruwa suka samu.

A ganina, tun wajen lissafi aka kuskure. Hanyar Libiya ba direba kaɗai take ciyarwa ba. Akwai mai tuwo a tasha, da bakanike, da mai gidan haya. Da cinikinsu ya tsaya, mu malamai a aji muka gani: samari suna ajiye karatu, suna tafiya haƙar zinariya.

An soke dokar a Nuwamba 2023, amma gobe wata sana'ar ce za ta tsaya, kamar yadda aka rufe ma'adinin Cominak a 2021. Iyaye da malamai, mu nemi abu biyu tun yanzu: a liƙa sunayen waɗanda suka amfana kowa ya gani, a kuma ware kaso ga makarantun koyon sana'a.