Majigin Ɓarayi: Ina Mai Kaya?

Bayan haka, a cikin majigin da Turawa ke shiryawa akwai wani iri wanda ya daɗe yana cin kasuwa, watau labarin waɗansu ɓarayi da za su haɗa kai su ƙulla dabarar ɗauke wata babbar dukiya, amma a tsara shi don ban dariya. Yawanci ɓarayin talakawa ne, ko ƙananan ma'aikata waɗanda duniya ta bari a baya, kowanne da gwanintarsa, kowanne kuma da wautarsa. Mutumin da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba sai ka gan shi zaune a sinima, gabansa na faɗuwa don kada a kama su.

Masu ilimi ba za su yi mamakin wannan ƙwarai ba, gama sun san Abu Zaidi na cikin Muƙamar Hariri, tsohon nan mai zaƙin baki da ke bin garuruwa yana raba mutane da kuɗinsu. Hariri ya rasu a Basra a shekarar 1122, ga shi har yau ana biya littafinsa a zaurukan malamai, ba kuwa don a koyi zamba ba. Fasaha ita ke riƙe mai karatu. Haka al'amarin ya ke a majigin nan. Abin da ɗan kallo ke sha'awa shi ne aiki: yadda aka nemo gwanin buɗe akwatin ƙarfe, aka nemo direba, aka auna sa'ar da mai gadi ke gyangyaɗi, aka raba wa kowa wurin tsayawarsa. Duk falken da ya taɓa haɗa ayari ya san daɗin ganin shiri ya tafi daidai.

Ya kuma san yadda shiri ke wargajewa, nan ne fa dariyar ta ke. A 1951 aka yi wani a Ingila mai suna The Lavender Hill Mob. Alec Guinness ya fito a matsayin wani akawun banki, salihi a ido, wanda ya shekara 20 yana rakiyar zinariya ba a taɓa samunsa da ha'incin ko anini ba. Ashe jira ya ke yi. Ya sami wani mai maƙera da ke zuba 'yan gumakan hasumiyar Eiffel na tsaraba, suka sace zinariyar fam miliyan 1, suka narkar da ita, suka zuba ta a siffar 'yan hasumiyoyin nan, suka aika da su Faris. Dabara ta yi kyau, ba 'yan doka ne suka tona ta ba. Mai sayar da tsaraba ce ta yi kuskure ta sayar wa 'yan makaranta mata guda shida, aka yi ta fama aka karɓo biyar, yarinya ɗaya ta ce atafau ba ta ba da nata. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mutanen Italiya sun fi haka ma. A 1958 Mario Monicelli ya yi I soliti ignoti, labarin waɗansu matsiyatan birnin Rum da suka yi niyyar fasa gidan jingina ta bangon maƙwabta. Suka kwana suna haƙa, bango ya faɗi, sai ga su a ɗakin girkin gidan da su ke ciki. Da suka ga dabara ta ƙare, suka zauna suka cinye tukunyar taliya da wake da suka tarar. Wanda bai ji tausayinsu ba a wannan wuri, to, bai taɓa fita kasuwa da dogon buri ya komo da kuɗin goro ba.

Akwai dalilin da ya sa ɓarayin wancan zamani ba su cin riba. A Amurka, daga 1934 har 1968, masu majigi suna ƙarƙashin wata ƙa'ida da ake kira da sunan Hays, wadda ta hana a karkatar da zuciyar ɗan kallo wajen mai laifi, Ingila kuma tana da nata masu tacewa. Saboda haka a Ocean's 11 na 1960, da Frank Sinatra da abokansa suka kwashe gidajen caca biyar na Las Vegas a dare ɗaya, suka ɓoye kuɗin a akwatin gawar ɗan'uwansu, sai aka ƙone gawar da akwatin duka, su kuwa suna zaune a wurin makoki suna ji. Takunkumin nan ya amfani masu tsara labari ba da nufinsa ba, don ya tilasta musu neman hanyar faɗuwa mai ma'ana. Da aka sāke yin labarin a 2001, George Clooney da mutanensa suka tafi da fiye da dala miliyan 150 lafiya lau. An ƙawata shi ƙwarai, amma ɓarayin ba su kuskure, ba su tsoro, kuma an ɓoye wa ɗan kallo rabin shirin sai a ƙarshe a buɗe masa. Wannan rufa-ido ne, wanda aka yi wa shi kuwa shi ne mai biyan kuɗin shiga.

Babban aibin irin wannan majigi, tsoho da sabo, shi ne dukiyar cikinsa ba ta da mai ita. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma a nan an fitar da mai kaya daga labarin tun kafin a fara. Kullum abin da za a sata na banki ne, ko na gidan caca, ko na wani azzalumin attajiri da aka munana shi da gangan, sa'an nan a ce ai akwai inshora, ba wanda zai yi hasara. 'Yan kasuwa sun san ƙaryar wannan magana. Kaya ba su ɓata sai an tuhumi wani: mai gadi ya rasa aikinsa, akawu ya sha tambaya, wanda aka ba ajiya ya rasa mutuncin da ya shekara talatin yana tarawa. Kuɗin inshora kuwa daga aljihun sauran masu biya ya ke fitowa.

Ga misali wanda ya faru da gaske. Ran 8 ga Agusta 1963 waɗansu mutane 15 suka tare jirgin ƙasa mai ɗauke da wasiƙu daga Gilasgo zuwa Landan, suka kwashe wajen fam miliyan 2 da dubu 600. Suka bugi direban jirgin, Jack Mills, a ka, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 1970. A 1988 aka yi majigi mai suna Buster a kan ɗaya daga cikinsu, mawaƙi Phil Collins ya fito a matsayinsa, aka mai da shi ɗan barkwanci mai son iyalinsa, aka wuce maganar direba da sauri. Jaridun Ingila suka yi ca, har Yarima Charles da matarsa Diana suka fasa zuwa bikin fara nuna shi.

Wanda ya fi kusa da gyara wannan aibi shi ne The Ladykillers na 1955, aikin Alexander Mackendrick. Ɓarayi biyar suka kama haya a gidan wata tsohuwa gwauruwa kusa da tashar King's Cross, suka ce su makaɗan goge ne, suna sa faifai a garmaho tana jin kiɗa alhali suna ƙulla fashi. Suka sace fam dubu 60. Ranar tafiya gidan babban gogen ya maƙale a ƙofa ya buɗe, takardun kuɗi suka watse gabanta. Tsohuwa ta yi musu faɗa kamar yaran da suka saci ƙosai, ta ce sai an mayar. Suka yi ƙuri'a a kan wanda zai kashe ta, aka rasa mai iya duban fuskarta ya yi, har suka ƙare junansu ɗaya bayan ɗaya. Nan kam an sa mutum mai fuska da suna a tsakanin ɓarawo da dukiya, dariyar kuma ta yi nauyi.

Duk da haka, da gari ya waye tsohuwa ta tafi ofishin 'yan sanda ta ba da labari. Da ma sun saba da tatsuniyoyinta, suka lallashe ta suka ce ta riƙe kuɗin. Ta fito tana murna, ta jefa wa wani mai zane a bakin titi takardar kuɗi, majigi ya ƙare. Masu fam dubu 60 ɗin nan kuwa, ko sunansu ba a sāke ambata ba.