Iyafis mai tsada: kafin a ƙara masa dabaru, a fara ba shi tsawon rai

'Yan'uwa, duk wanda ya leƙa Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba a 'yan shekarun nan ya san iyafis marar igiya ya zama kayan yayi. Daga Agege zuwa Mile 12, daga Sabo ta Ibadan zuwa Fatakwal, da wuya ka ga taron samarinmu babu mai ɗan farin abu maƙale a kunne. Wasunmu saye muke yi, wasunmu kuma sana'ar ke nan, a shago ko a tebur. Don haka idan ana maganar abin da manyan kamfanoni za su fito da shi nan gaba, mu ma muna da ta cewa, domin kuɗinmu na cikin abin da ake kwasa.

Abin ya samo asali ne a watan Satumban 2016, lokacin da Apple ya fito da iPhone 7 babu ramin da ake jona iyafis mai igiya, ya kuma sanar da AirPods a kan dala 159. A lokacin dariya aka riƙa yi musu, ana cewa kamar an tsinke wa iyafis igiya ne kawai. Ba a jima ba sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga cikin manyansu akwai irin AirPods Pro 3 da ya fito a Satumban 2025 a kan dala 249, da Galaxy Buds3 Pro na Samsung da ya fito a 2024 kusan a wannan farashi, sai WF-1000XM5 na Sony da QuietComfort Ultra na Bose, waɗanda kowannensu ya fito a 2023 a kan kusan dala 300.

A lissafa da namu kuɗin. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500, dala 249 ta haura naira dubu 370, tun kafin a ɗora kuɗin jigila da na kwastan da ribar mai shago. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira dubu 70 ne. Ke nan abin da bai cika tafin hannu ba ya cinye albashin fiye da wata biyar. Ba mu ce laifi ne mutum ya saya ba, kowa da abin da ransa ke so, kuma wanda ya nema da guminsa shi ya san inda zai kai kuɗinsa. Tambayarmu ita ce: shekara nawa abin zai yi?

A nan gizo ke saƙar. Batirin da ke cikin kowane ɓari ƙarami ne ƙwarai. Wayar da ke aljihunka tana iya ɗauke da batir mai mAh 5,000, shi kuwa na iyafis ko 100 ba ya kaiwa. Irin wannan batir na lithiyam ƙarfinsa yana raguwa da kowane caji, kuma iyafis kullum cikin caji yake, domin duk lokacin da ka mayar da shi cikin ɗan akwatinsa caji yake sha. Zafi kuma yana ƙara gaggauta lalacewarsa. Apple da kansa ya ce a yi amfani da AirPods a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. To, a tuna da wanda ke yini a rana a bakin kasuwa, ko direban da ke barin akwatin a gaban mota. Galibi bayan shekara biyu zuwa uku sai ka ga abin da yake yin awa shida ya koma awa ɗaya da rabi, ɓari ɗaya na riga ɗaya mutuwa. Lasifikar da ke ciki lafiyarta ƙalau, makirufo ƙalau, sautin bai canja ba, amma abin ya tashi daga aiki saboda batirin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Da waya ce, da sauƙi. Muna da yaran da za su buɗe ta su sauya batir kafin ka gama shan shayi. Iyafis kuwa da gam aka manne shi, ba a yi shi don a buɗe ba. Kamfanin iFixit na Amurka, wanda ke farke kayan lantarki yana ba su maki gwargwadon sauƙin gyaransu, sifili bisa goma ya ba AirPods, kuma sifilin ya sake ba AirPods Pro 3. Ko a ƙasashen da Apple ke da shaguna, idan ka kai don batir, ɓarin ake sauya maka da wani ka biya. A duk faɗin Afirka kuwa babu shago ko ɗaya mallakin Apple kansa, sai dillalan da ya amince da su. Sauran manyan kamfanonin ma yawancinsu manne nasu suke yi.

Kada wani ya ce ai ƙanƙantar abin ce ta sa ba zai yiwu ba. An riga an yi. A 2024 wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Fairphone ya fito da Fairbuds a kan Yuro 149, wanda mai shi zai iya cire batirin kowane ɓari da na akwatin ya sa sabo, kuma iFixit ta ba shi goma bisa goma. Tun kafin nan, WF-1000XM3 na Sony da Galaxy Buds na farko, duka na 2019, ƙaramin batir mai kama da kwabo ne a cikinsu wanda mai gyara zai iya sauyawa. Ashe dabarar tana nan. Kamfanin da ya san za ka dawo bayan shekara uku ne ba ya gaggawar amfani da ita.

Wannan shi ne abu na farko da muke jira daga sabbin da za su fito, kuma akwai alamar za a tilasta musu. Tarayyar Turai ta kafa dokar batir a 2023, wadda daga 18 ga Fabrairun 2027 za ta wajabta cewa ƙananan kayan lantarki su kasance mai su zai iya cire batir ya sauya. Dokar tana da 'yan togace-togace, misali ga kayan da aka ƙera don aiki cikin ruwa, kuma ba ma shakkar lauyoyin kamfanoni za su nemi su kutsa ta wannan ƙofa. Duk da haka mun ga yadda irin wannan doka ke isowa har kasuwanninmu. Turai ce ta matsa a kan caja iri ɗaya ta USB-C, sai ga iPhone 15 ta fito da ita a 2023 a duk duniya, har da akwatin AirPods Pro. Kamfani ba ya son ƙera kaya iri biyu. Idan batir mai sauyuwa ya zama dole a Faransa da Jamus, zai iso Ikeja, kuma ranar da ya iso masu gyaranmu sun sami sabuwar hanyar abinci.

Su kamfanonin kuwa hankalinsu yana wani wajen. AirPods Pro 3 yana auna bugun zuciya yayin motsa jiki. Yana kuma fassara magana kai tsaye, wani na yi maka magana da harshensa kana jin fassarar a kunne. Wannan abin burgewa ne, kuma babu wanda ya fi mu bukatarsa, mu da muke ciniki kullum da Bayarabe da Ibo da mutanen Kwatano. Sai dai harsunan da aka fara da su Ingilishi ne da Faransanci da Jamusanci da Fotugis da Sifaniyanci, kuma sai kana da iPhone ta baya-bayan nan abin zai yi aiki. Babu Hausa, babu Yarbanci, babu Ibo. Bahaushen da ya biya cikakken farashi ya biya har da kuɗin abin da ba da shi aka yi ba. Idan za a ci gaba da tallata fassara a matsayin dalilin sayen sabo, to a sa harsunan da miliyoyin mutane ke ciniki da su a nahiyar nan.

Akwai dabara guda da muke ganin ta cancanci kuɗinta, ita ce ta kashe hayaniya. Yadda take aiki shi ne, ƙananan makirufo suna ɗaukar ƙarar da ke waje, sai na'urar ta haɗa wata ƙara kishiyarta ta aika cikin kunne, su biyun su kashe juna. Ta fi tasiri a kan ƙara mai kauri da ba ta yankewa, irin rurin janareta ko injin mota ko jirgin sama. Hon ɗin danfo da ihun kwandasta kuwa suna ratsowa. Amfaninta ya wuce jin daɗi. Wanda ke zaune kusa da janareta da iyafis mai arha, ƙure sauti yake yi don ya rinjayi ƙarar, kuma ta nan kunne ke lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma idan ya kai desibel 90 awa huɗu ne kacal a mako. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar sauti a can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Don haka muna so wannan dabara ta sauko ƙasa, ta yi aiki da gaske a iyafis na naira dubu ashirin ko talatin irin na Oraimo da takwarorinsa, waɗanda su ne akasarinmu ke iya saye.

(Jan kunne ga 'yan'uwanmu masu babur da Keke da masu tura baro: abin da ke kashe rurin janareta yana iya rage maka jin motar da ke tafe a bayanka. A kan titi a cire, ko a mayar da shi yanayin da ke barin ƙarar waje ta shigo.)

A watan Satumban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da AirPods Pro 2 a matsayin na'urar taimaka wa ji ga manya masu ƙaramar matsala ko matsakaiciya. Wannan shi ne ci gaba mafi ma'ana da aka samu a harkar tun farkonta. Kowa a cikinmu ya san dattijon da sai an ɗaga murya yake ji, wanda ya daina zama cikin hira saboda kunyar cewa "me ka ce?" Na'urar asibiti tana da tsada, wasu kuma ba sa son a gan su da ita, alhali babu mai kallon wanda ya sa iyafis. Amma a nan ma batir ne ke dawo da mu baya. Abin da zai zama kunnen mutum bai kamata ya mutu bayan shekara uku ba, kuma bai kamata a ce sai mai iPhone zai amfana ba.

Wani abin da ya kamata a sa wa ido shi ne Auracast, sabon tsarin Bluetooth da ke ba na'ura ɗaya damar watsa sauti ga iyafis masu yawa a lokaci guda, kamar ƙaramin gidan rediyo. Wasu na Samsung sun riga sun zo da shi. A wurin taro ko lacca ko tashar mota, mai raunin ji zai iya kama muryar mai magana kai tsaye ba tare da an ƙure lasifika an dami maƙwabta ba. Duk wanda ya zauna a unguwa mai cunkoso a Legas ya san rigimar da lasifika ke haddasawa.

Game da daɗin sauti kuma, wanda shi ne abin da ake fakewa da shi wajen tsawwala farashi, a yi wa juna gaskiya. Bluetooth matse sauti yake yi kafin ya aika. Ko tsarin LDAC na Sony, wanda yana cikin mafi ƙarfi, iyakarsa kilobit 990 a daƙiƙa, alhali faifan CD yana ɗauke da 1,411. Sannan me muke saurare? Saƙon murya na WhatsApp, bidiyon Facebook da TikTok, labaran rediyo, karatu da waƙoƙin da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har suka dushe. Iyafis na dala 300 ba zai mayar da abin da aka riga aka zubar ba. Sau da yawa ma robar da ke shiga kunne ta fi farashi tasiri: idan ba ta toshe kunnen daidai ba, kaurin sautin zubewa yake yi. Shi ya sa AirPods Pro 3 ya zo da roba girma biyar. Kafin ka ce naka ba shi da kyau, gwada wata robar.

Masu neman sauti tsantsa har yanzu mai igiya suke bi. Sennheiser na Jamus ya fito da IE 900 a 2021 a kan kusan dala 1,300, babu batir, babu makirufo mai kashe hayaniya, igiyarsa kuma ana cire ta a sauya idan ta tsinke. Tsadar ta wuce hankali, amma wanda ya saya zai iya shekara goma da abinsa. A ɗaya gefen, kamfanonin Sin irin su Moondrop suna sayar da masu igiya a kan kusan dala 20 waɗanda masana sauti ke yabawa. Da yawa daga wayoyin Tecno da Infinix da itel har yau suna da ramin jonawa, wanda kuma tasa ba ta da shi, akwai 'yar guntuwar igiya da ake jonawa a wurin caji. Wanda aikinsa sauraro ne a zaune, a shago ko a gida, wannan ya fi masa rufin asiri.

Saura maganar jabu, wadda ta shafe mu kai tsaye tunda wasunmu ke bayan tebur. AirPods na cikin kayan da aka fi kwaikwaya a duniya, kuma kwaikwayon ya kai ga kwali da lamba da hoton da ke fitowa a fuskar waya. Tun daga iOS 16 iPhone kan yi gargaɗi idan ta kasa tantance abin da aka jona mata, amma ba kowane jabu take kamawa ba. Idan an ce maka sabon AirPods Pro a kan naira dubu talatin, ka san abin da ke cikin kwalin. Sayar da kwaikwayo da sunan kwaikwayo, a farashinsa, wani abu ne daban da sayar da shi da sunan na asali. Mai saye da ya gane an cuce shi ba sunan mai tebur yake riƙewa ba, cewa yake yi wani Bahaushe ne ya sayar masa, kuma wannan tabon mu duka yake shafa.

Ga wanda ke da kuɗin a hannu yanzu kuma nasa bai mutu ba, shawararmu ita ce ya dakata ya ga abin da za a fito da shi gab da Fabrairun 2027. Wanda kuma dole sai ya saya, ya tambayi mai shago abu uku kafin ya zaro kuɗi: garantin wata nawa ne kuma wa zai karɓa idan ya lalace, ana samun ɓari ɗaya idan ɗaya ya ɓace, sannan akwai mai gyaran da ya taɓa sauya batirin irinsa a kasuwar.