Wa Muke Damƙa wa 'Ya'yan Talakawa?

A 'yan shekarun nan wani sabon ma'aikaci ya shigo harabar makarantunmu, wanda ba malamin aji ba ne, ba kuma mai duba makarantu ba. Aikinsa shi ne ya riƙe hannun yaron da rayuwa ta yi wa nauyi: marainiyar da ke shirin barin karatu, almajirin da aka shigar aji a makare, yarinyar da farantin talla ya fi littafi cin lokacinta, ɗan gudun hijirar da ya baro gidansu da dare. Kowane shiri da sunan da yake kiran waɗannan ma'aikata, mu dai a nan za mu kira su jagorori. Yawansu ya ƙaru tun da Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE a 2020, da dala miliyan 500, a jihohin Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato, sannan aka ƙara masa kuɗi da jihohi a 2023. Cikin abin da shirin ya tanada har da zaurukan da 'yan mata ke taruwa da jagora mace, su tattauna lafiyar jiki, zaman duniya da dabarun dogaro da kai. Kafin wannan, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta daɗe tana irin wannan aiki a ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ga kuma Hukumar Kula da Ilimin Almajirai da Yaran da Ba Sa Zuwa Makaranta, wadda aka sa hannu kan dokarta a 2023, ita ma ba za ta yi aikinta ba sai da irin waɗannan mutane.

Ana yawan maganar kuɗin da aka ware da ajujuwan da aka gina. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: su wane ne waɗannan jagorori, daga ina suka fito, wa ya zaɓe su, kuma da wane ma'auni? Mu muna ganin wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin yaron da ba shi da gata ba ya zaɓen wanda za a turo masa. Ɗan mai hali, in malaminsa bai yi wa iyayensa ba, gobe za a sauya masa makaranta. Ɗan talaka duk wanda aka ba shi, shi ne nasa.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, ba ta tura musu baƙi daga birni ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda kowane gari ke da jajinsa, dattijuwa 'yar garin wadda aka sani da kamun kai, wadda maza suka yarda su bar matansu da 'ya'yansu su bi ta. A naɗa mata malfa da jan ƙyalle, ta zo da ayarinta ta ɗauki karatu, ta koma ta koyar. Abu biyu aka haɗa wa jaji: asali a cikin jama'arta, da karatun da take komawa ta ƙaro lokaci bayan lokaci. Ba a ce tunda 'yar gari ce ta wadatu ba. Haka ma a tsangaya, gardi ne ke kula da kolo da titibiri, domin shi ma ta nan ya biyo, ya san yunwar sabon almajiri da kewar gida, amma alaramma na zaune yana kallon abin da gardin ke yi.

Saboda haka ba ma jayayya da masu cewa jagora ya fito daga cikin jama'ar da zai yi wa aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ita ma ta yi tallar gyaɗa kafin ta shiga aji ta san dalilin da ya sa yarinya ke gyangyaɗi a darasin farko, ba za ta kira shi lalaci ba. Ta san cewa in za a hana a cire yarinya daga makaranta, ba lallai uban za a fara samu ba, wataƙila kaka ce ke da ta cewa, ko goggo, ko limamin unguwa. Ta san yadda ake durƙusawa a gaishe su, da lokacin da za a kawo magana da lokacin da za a yi shiru a koma gobe. Wata malama cikin 'yan reshenmu, wadda ta yi jagoranci na tsawon zango biyu, ta faɗa mana cewa ta shiga wani gida sau biyar kafin ta ambaci sunan makaranta. Zuwa huɗun farko gaisuwa ce da barka da jaje. Wanda aka turo daga nesa, aka ce ya kawo rahoto ranar Juma'a, ba shi da wannan haƙuri, kuma ba laifinsa ba ne.

Har a ƙasashen da suka fi mu wadata an gane haka. A birnin Portland na Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Friends of the Children, wadda Duncan Campbell ya kafa a 1993, shi kansa kuwa cikin wahala ya tashi. Tsarinsu shi ne a ɗauki jagora aiki na dindindin da cikakken albashi, a ba shi yara kaɗan, ƙungiyar kuma ta yi alkawarin zama da kowane yaro tun shigarsa makaranta har ya gama sakandare, sama da shekara 12. Mun kawo wannan ne don kalmomi biyu: albashi da dogon zama. Su ne suka fi ƙaranci a wurinmu.

A nan ne muke raba hanya da wasu masu tsara shirye-shirye. Mun lura cewa kalmar "'yar gari" ta fara zama hujjar biyan kuɗi kaɗan. A ce ai tana kusa da gida, ba ta biyan kuɗin mota. Ai 'yan uwanta take taimako, lada take nema. Sai a kira abin da ake ba ta alawus don kada a kira shi albashi, ya zo wannan wata, ya ɓace wata uku. Doka ta sa mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 tun 2024, amma 'yan uwanmu da suka yi wannan aiki sun shaida mana cewa abin da wasunsu suka karɓa bai yi kusa da haka ba. Wato talaucin da ya sa aka zaɓe ta, shi ne kuma aka juya aka rage mata farashi da shi. Ba mu san wani likita da aka rage wa albashi don an haife shi a garin da asibitin yake ba.

Sa'annan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: shan wahala ba takardar shaida ba ce. Akwai wanda wahala ta sa masa tausayi, akwai wanda ta busar masa da zuciya, ya ce ni ma haka aka yi mini kuma ban mutu ba. Duk wanda ya daɗe a aikin koyarwa ya san malamin da ya fi kowa saurin ɗaukar bulala, sau da yawa shi ne wanda ya fi shan ta yana yaro. Kusanci ma yana da nasa haɗarin. Yarinya za ta iya ɓoye wa jagora abin da ake yi mata a gida, daidai saboda jagorar ƙawar mahaifiyarta ce, ko matar ɗan uwan wanda ke cutar da ita. In ba a koya wa jagora riƙe sirri ba, ba a nuna mata ofishin da za ta kai ƙara da wanda zai tsaya mata in ta kai ba, to an ɗora mata kayan da zai karya ta, yarinyar kuma ta koyi cewa faɗin gaskiya ba ya haifar da komai sai ƙarin duka. Horon kwana uku a otal, da jaka da littafin rubutu, ba ya magance wannan.

Akwai kuma wani asalin da ba a rubuta shi a takardar neman aiki, amma ya fi kowane tasiri: wa ka sani. Da zarar an ji shiri ya zo da alawus, sai jerin sunaye ya fito daga gidan wani babba, da ƙanwar matarsa da 'yar direbansa, wasu ma ba sa zama a garin. Ba mu ambaci kowa ba, kowa ya san nasa. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ba a cika binciken halin wanda za a bari shi kaɗai da yara ba. Mai neman aikin gadi a kasuwa sai ya kawo wanda zai tsaya masa. Ya kamata mai zama da marayu a ɗaki ya fi shi shan tambaya, kuma kwamitin kula da makaranta da iyaye mata su ne suka fi cancanta su yi ta, a fili, kafin a rubuta suna.

Wasu daga cikin 'yan ƙungiyarmu suna kallon jagorori a matsayin kishiyoyi, masu karɓar aikin malami a farashi mai rahusa ba tare da NCE ko rajistar TRCN ba. Mun fahimci wannan fargaba, domin mun ga yadda ake cike gurbin malamai da ma'aikatan wucin gadi. Amma jagorar da ke zaune kan tabarma da 'yan mata ashirin ba ita ta tsara wannan ba. Kuma in muka duba rajistar reshenmu, mu nawa ne 'ya'yan manoma da 'yan koli da masu wankau? Mu nawa ne muka fara da allo kafin boko, mu nawa ne wani malamin firamare ya biya wa kuɗin jarrabawa daga aljihunsa? Yawancinmu daga inda suka fito muka fito. Bambancin kawai mu mun sami wanda ya tura mu kwalejin horon malamai.

Hanyar kuwa an taɓa gwada ta. A ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar da tallafin gwamnatin Birtaniya, jihohi irin su Bauci, Katsina, Neja da Sakkwato sun ɗauki nauyin 'yan matan karkara su yi NCE, bisa sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar. Shirin bai rasa cikas ba, amma tunanin da ke cikinsa daidai ne: a ɗauko 'yar gari, a ba ta ilimin sana'ar, a mayar da ita da albashi. Jagorar da ta shekara biyu tana riƙe da yara ta riga ta ci jarrabawar da ta fi ta shiga kwaleji wuya. Bai kamata ranar da kuɗin shiri ya ƙare a ce mata an gode, ta koma ɗaki, yaran da suka saba da ita su wayi gari babu wanda ya yi musu bayani ba. Yaron da ya taɓa rasa uwa ko gida, in aka sake yanke masa wanda ya fara yarda da shi, zai daɗe kafin ya sake sakin jiki da wani.

Reshenmu zai kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma buƙata a rubuce: a bayyana ma'aunin zaɓen jagorori a kowace makaranta, a sa iyaye cikin tantancewa, a biya su kan kari, kuma a ware wa waɗanda suka yi fice gurbin karatun NCE. Kafin nan muna roƙon wakilin ƙungiya na kowace makaranta ya zo taron wata mai zuwa da bayanin jagororin da ke aiki a wurinsa: su nawa ne, 'yan ina ne, wane horo aka ba su, kuma yaushe rabonsu da alawus. In da hali, ya zo da ɗaya daga cikinsu ta faɗa da bakinta. Za mu tanadar musu kujera a gaba.