Sayen Nagari Mai da Kuɗi Gida, Amma Gidan Wa?

Masu sayar da kayan yankan duwatsun ado suna da hujja guda da suke ji da ita, kuma ba ƙarya suke yi ba. Faifan daimon da ake goga dutse a kansa don fitar masa da fuskoki iri biyu ne. Akwai mai shafe: farantin ƙarfe ne aka manna wa garin daimon a fuska da ruwan nikel, shimfiɗa ɗaya tak, ranar da ta siɗe faifai ya tashi aiki. Akwai kuma gasasshe, wanda ake cuɗa garin daimon da garin tagulla, a danne cikin zafi har su kama juna su yi kaurin 'yan milimita. Na farko riɗi ne da aka barbaɗa a bayan burodi, na biyu kantu ne, duk inda ka gutsura riɗi za ka tarar. Saboda haka, in ji su, ka rufe ido ka sayi gasasshe sau ɗaya ka huta.

Ban ƙi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Gasasshen faifai yana daɗewa shekaru, yana ci a hankali, ba ya barin zurfafan karce irin na sabon mai shafe, kuma yadda ya ci jiya haka zai ci baɗi. Inda muka raba hanya da su shi ne a ɗauko lissafin da aka yi wa mai shago a Jamus ko Amurka a dire shi a Sabon Birni ko Isa ta jihar Sakkwato, ba tare da an taɓa ko lamba ɗaya ba.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba. Tun 2023 ministan ma'adinai Dele Alake yake nanata cewa a daina fitar da arzikin ƙasa ɗanye, a riƙa sarrafa shi a gida. Samarinmu kuwa, da gonakin fadama suka gagari zuwa saboda rashin tsaro, da yawa sun bazama ramukan haƙa a wasu jihohi. Sun ga yadda ake sayen ɗanyen dutse a awo, sun kuma ga a waya yadda irinsa yake walƙiya bayan an yanke shi. Ɗan ƙanwata na cikinsu. Ya turo mini hoton faifai yana cewa, "Kawu, wannan har jikokina sai sun ci gadonsa." Na ce masa madalla, amma mu zauna mu ƙirga tukuna.

Gasasshen faifai mai faɗin inci 8 daga kamfanin da aka sani ɗaruruwan daloli ne. Mai shafe siriri, irin wanda ake ɗorawa kan wani faifan, wanda ke fitowa daga Sin, ba ya wuce 'yan gomomi. Don sauƙin lissafi mu ce dala 400 da dala 20. Kafin Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, dala 400 ba ta kai naira 200,000 ba. A 2024, da dala ta haura 1,500, kuɗin ya zama 600,000, kuma ba a sa ladan jirgi ba (faifan da nauyi), ba a sa kwastan ba, ba a sa na wanda zai karɓo shi a Legas ko Kano ba. Da kuɗin gasasshe ɗaya za ka sayi masu shafe 20. A ce kowanne ya yanka duwatsu 30 kafin ya mutu, duwatsu 600 ke nan. Ɗan koyo da ke gama dutse biyu a mako zai kwashe kusan shekara shida kafin ya cinye su. Wato sai bayan shekara shida gasasshe zai fara mayar da kuɗi gida. Kowa na iya sauya lambobin nan yadda ya ga dama, amma siffar lissafin ba ta sauyawa: ribar tana can nesa, biyan kuwa yau ne.

Sa'an nan faifai ɗaya ba ya gama dutse. Ana fara rage shi da mai kaushi, lamba 260 ko 360, a fitar da fuskoki da 600 ko 1200, a lallashe da 3000 ko 8000, a ƙarasa ƙyalli a kan faifan kuza da garin daimon lamba 50,000 ko sama. Wanda ya ce komai nasa gasasshe ne, sai ya ninka kuɗin can sau biyu ko uku. Shi kansa injin da faifan zai hau, in na Amurka ne irin Ultra Tec ko Facetron, dubban daloli ne, kuma a can wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, sai an lura wajen oda. In kuwa mai arha ne, wanda sandarsa ke ɗan rawa, to ɗora masa faifan dala 400 asara ce tsagwaronta, domin kyawun faifan duk a miƙewarsa yake, kuma inji mai rawa ba ya barin komai ya miƙe.

Akwai abin da hoto ba ya nunawa. Masu yin kayan daimon suna da ma'auni na yawan garin da ke cikin ƙarfen: idan aka ce 100, ana nufin karat 4.4 a kowace santimita kubik. Faifai biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya yana da rabin daimon ɗin ɗayan. Ba ka ganewa sai ka ɗora dutse. Mutumin Jamus zai mayar wa kamfani kayansa. Mutumin Isa fa, wa zai mayar wa?

Ko na ƙwarai ka samu, yana da hidima. Bayan an yi ta aiki, musamman a kan dangin ƙanƙarar dutse irin su amatis, fuskar faifan takan toshe ta yi santsi. Za ka ji sautin ya sauya, daga shuu mai kaushi ya koma wani siririn fito, dutse yana zamewa ba ya ciwuwa, ruwan da ke ɗigowa yana fita garau maimakon fari kamar tsaki. A nan sai a ɗauko sandar wasawa a goga masa yana juyawa, ta cinye tagullar sama, sabon daimon ya leƙo. Sandar ma daga waje take zuwa. Ruwan kuma dole ya zama tatacce. Na rijiyar bakin Rima, da yashinsa, sai an tace an sake tacewa. Ga hunturu. Ƙurar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa daga Nuwamba zuwa Fabrairu cike take da garin yashi, wanda taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs, daidai da amatis, dab da tomalin. Ƙwaya ɗaya ta sauka kan faifan ƙyalli, sai ka duba da madubin ido mai ninki goma ka ga layi ya ratsa fuskar da ka ɓata rabin yini a kanta. Ɗaki mai silin da taga mai gilashi ya shiga lissafi ke nan.

Wuta ba sai na daɗe a kanta ba. Injin ba ya shan da yawa, sola da batir za su riƙe shi, amma su ma kuɗi ne, fetur kuwa kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafinsa ranar 29 ga Mayun 2023.

Babbar tambaya ita ce dutsen. Ƙasar Gobir ta wannan gefe, daga Alƙalawa zuwa inda Bunsuru da Gagare suke zubowa, mafi yawanta shimfiɗar yashi ce da laka ta kwarin Sakkwato. Tana ba da gero, wake, albasa da shinkafa, ba ta ba da safaya. Tomalin da akwamarin da tofas suna cikin jijiyoyin tsoffin duwatsu ne, can wajen Keffi da Nasarawa Eggon, tsaunukan Jos, kudancin Kaduna da arewacin Oyo. Safaya mai suna ta Mambila ce a Taraba. Cinikinsu kuma a Jos da Ibadan yake, inda dillalai 'yan Senegal da Mali da Gini suke zaune tare da namu, suna tsince na ƙwarai kafin ya kai tebur. Baƙon da ya zo daga Sabon Birni da kuɗi a aljihu, abin da aka rage shi zai samu, in ma ba a haɗa shi da kwalba ba. Giram ɗaya karat 5 ne, amma bayan yanka abin da ke saura bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu ba, sauran ya bi ruwa. Wannan a hannun gwani ke nan. Ɗan koyo zai fasa, zai zarce kusurwa, dutse zai ɓalle daga danƙon da ke riƙe shi yana tsakiyar fuska ta 40 cikin 57. Duwatsun farko duk kuɗin makaranta ne, kuma babu dalilin biyan kuɗin makaranta a kan faifai mai tsada.

Da ɗan ƙanwar tawa ya gaya wa kakarsa shirin, tambaya ɗaya ta yi: "To ɗan nan, wa ka saye?" Ita ce tambayar da masu talla ba sa amsawa. Matanmu gwal suke saye, domin gwal ajiya ne, ranar buƙata a kai kasuwa a auna. Yankakken dutse ba shi da wannan gata a nan. Maza kuwa zoben azurfa da aƙiƙ ya ishe su, kuma a shirye yake shigowa daga Saudiyya da Indiya. A waje, za ka yi gasa da Jaipur ta Indiya da Chanthaburi ta Tailan da Ratnapura ta Siri Lanka, inda dubban hannaye suke yanka kan ladan da bai taka kara ya karya ba, da yawansu da kayan aiki masu sauƙi ƙwarai. Masu sayen kaya da yawa ma sun fi son ɗanyen dutse, don su yanka yadda kasuwarsu take so. Dutse mai kyau da aka yanka ba daidai ba yana iya faɗuwa ƙasa da farashinsa na ɗanye.

Tarihi ma bai goyi bayan mai yanka shi kaɗai a lungu ba. A ƙarni na 19, fataken Hausa ne suke ɗauko jan dutsen lantana daga yankin kogin Kwara na ƙasar Nijar ta yau su kai Ilorin, inda unguwanni guda suke rayuwa kan huda shi da goge shi. Dutse ne yake tafiya inda gwanaye suka taru, inda akwai mai gyara kayan aiki, mai koyarwa da mai saye. Bahaushe a wannan ciniki ribarsa ta sanin dutse ce da sanin hanya.

Saura abin da ya fi nauyi, wanda ba ya shiga takardar farashi. Sayen kayan da sai bayan shekara shida zai biya kansa caca ce a kan zaman lafiya. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe hanyar Marnona zuwa Isa. Mai sana'ar da cinikinsa ke kan waya, kayansa ke kan hanya, ya tsaya cik. A Yulin 2024 a kan hanyar dawowa daga Sakkwato aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka kashe shi a watan Agusta, Allah ya jiƙansa. A irin wannan wuri, a ce wane yana da duwatsu masu tsada a ɗaki ba talla ba ce, sammaci ne, ko da abin da ke cikin gwangwanin bai kai kuɗin akuya ba. Mai kai wa 'yan bindiga rahoto daji ba ya tambayar karat. Ranar da gudu ya kama, tunkiya tana sayuwa, babur yana sayuwa, keken ɗinki yana sayuwa. Gasasshen faifan daimon kuwa, daga Gatawa har Shinkafi ba ka samun wanda zai taya.

Abin da na gaya wa yaron shi ne ya ajiye maganar faifai, ya tafi Jos ya zauna ƙarƙashin mai yanka, ya yi aiki da injin maigidansa, ya lalata amatis da farin tofas masu arha a kan masu shafe har hannunsa ya faɗa. Ya koyi duba ɗanyen dutse a ruwa da tocila, domin ko bai taɓa yanka ba wannan ilimin zai ci da shi. In ya kai ga wani ya dawo ya sake sayen aikinsa karo na biyu da na uku, kuma yana canza mai shafe har abin ya fara damunsa, to lokacin ya yi. Ya sayi guda ɗaya, lamba 600 ko 1200, don a nan ne gasasshe ya fi nuna kansa, ya bar aikin kaushi ga masu arha. Ya auna ramin tsakiya ya tabbata rabin inci ne daidai da sandar injinsa, ya sa a ɗora masa shi a juya a gabansa, ya ga ba ya rawa, sa'an nan ya ƙirga kuɗi.