AGOGON ARO: Sadarwar Zamani Da Lokacin Da Ke Saukowa Daga Sama

A watan Disamba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon zangon 3.5 GHz domin fasahar 5G, inda kamfanonin MTN da Mafab suka yi nasara a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. An yi ta magana a kan kuɗin da kuma saurin intanet da za a samu, amma ba a cika tambayar abin da wannan sauri ya dogara a kansa ba, wato lokaci.

A irin wannan zango, turken sadarwa da wayar hannu ba su da hanya daban-daban. Hanya guda suke bi, suna karɓa-karɓa: turke ya aika, ya yi shiru ya saurara, sannan ya sake aikawa, sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya. Abin ya yi kama da luguden mata a turmi guda, wanda in ɗaya ta kuskure bugu sai taɓare su yi karo. Idan wani turke ya ɗaga murya a sa'ad da maƙwabcinsa yake sauraro, to, ya danne siririyar muryar wayoyin da ke wurin ke nan. Saboda haka ƙa'idar duniya ta ce kada agogon turke ya kauce da fiye da ɗigo ɗaya da rabi cikin miliyan na daƙiƙa.

Hanya mafi sauƙi ta samun irin wannan daidaito ita ce a ɗora wa turke 'yar eriya mai karɓar lokaci daga taurarin ɗan'adam na GPS. Waɗannan taurari suna kewaya duniya a nisan wajen kilomita 20,200, kowanne ɗauke da agogon ƙwayar zarra. An harba na farkonsu a 1978, tsarin ya kammala a 1995, kuma har yau rundunar sojan Amurka ke tafiyar da shi. Kyauta ake amfani da shi, amma masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

An riga an ga alamun haka. A ran 26 ga Janairu, 2016, bayan an sallami wani tsohon tauraro daga aiki, sai wasu taurarin GPS suka riƙa watsa lokaci mai kuskuren ɗigo 13 cikin miliyan na daƙiƙa. Wannan ya ninka abin da turakun 5G za su iya jurewa kusan sau tara, kuma ya dagula wasu tashoshin rediyon BBC a Ingila. A Yulin 2019 tsarin Galileo na Turai ya tsaya kusan mako guda. Bugu da ƙari, saƙon taurarin yana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, don haka toshe shi ba wuya. A 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na Estoniya tsawon wata guda saboda irin wannan katsalandan.

Maganin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Akwai na'urorin da ke karɓar lokaci daga GPS da Galileo da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin gaba ɗaya. Akwai agogon ajiya da ke riƙe turke na wasu awoyi in sama ta yi shiru. Ana kuma iya raba lokaci ta wayar faiba daga cibiya guda a ƙasa, kamar yadda Ingila ta sa gaba da ta kafa shirin cibiyar lokaci ta ƙasa a 2020.

Ya kamata hukumomin da ke ba da lasin su riƙa tambayar kowane kamfani awa nawa turakunsa za su iya aiki ba tare da tauraro ba, su kuma sanya amsar a cikin sharuɗɗan lasin. Bankuna, asibitoci, makarantu da ofisoshin Gwamnati duk sun rataya a kan wannan sadarwa, kuma kuɗin tanadi bai kai asarar yini ɗaya da za a wayi gari babu ita ba.