Bincike Ba Ya Zama Dukiya Sai Da Haɗin Gwiwa

A shekarar 2004 ne masana kimiyya biyu na Jami'ar Manchesta da ke Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka ɓare wani siririn sinadari mai suna girafin daga irin baƙin ma'adinin da ake yin bakin fensir da shi. Kaurinsa ƙwayar zarra guda ce tak, amma ya fi ƙarfe ƙwari. Aikin ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2010.

Sai dai da aka zo rajistar haƙƙin ƙirƙira a kan wannan sinadari, Sin da Amurka da Koriya ta Kudu ne suka yi wa Ingila fintinkau, kamfanin Samsung kuwa yana sahun gaba. Mai shuka daban, mai girbi daban.

Tarayyar Turai ta farga a 2013, inda ta ƙaddamar da shirin shekara 10 na Yuro biliyan 1, domin haɗa jami'o'i da masana'antu a aiki guda.

Matakin ya dace. Duk gwamnatin da ke zuba kuɗi a bincike ba tare da sada masana da masu masana'antu tun daga farko ba, to, wa wasu take yi wa noma.