Wa Ya Tuɓe Wa Daura Riga?

Duk lokacin da na je gida Daura hutu, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da shi, wanda zai ji haushi ya ji. Malam mai karatu, ka tsaya bakin kasuwa da azahar cikin bazara ka duba. Bango ya sha fastocin 'yan siyasa, wani bisa wani, har da na waɗanda suka sha ƙasa tun 2019. Baƙar leda ta toshe kwata, hayaƙin babura da na janareto ya turnuƙe, ga ƙura, inuwar da za ka raɓa kuwa sai ka yi tafiya. Wai nan ne garin Daurama, inda baƙi ke zuwa ganin rijiyar Kusugu!

Da na ce a yi wa bangayen nan zane a kuma dasa itatuwa, sai wani abokina ɗan boko ya bushe da dariya, wai wannan ƙawar biranen Turai ce, mu ta ciki muke yi. Subhanallahi! Ashe boko na sa mantuwa? Maginan Hausa ba su jira Bature ba. Tun laka tana ɗanya suke fitar da dagi da hannu a fuskar zaure, su ɗora zankwaye, su shafe da makuba don kada ruwa ya ci ginin. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wace jami'a ya shiga? Makubar nan kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Ka sare ɗorawa, ka sare zanen ke nan.

Na yarda zane ba ya tace hayaƙi. Amma bangon da aka ƙawata, mutum yakan ji nauyin tsugunawa ko juye shara a gindinsa. Sauran aikin na itace ne: ya tare ƙura, ya karya iska, ya sanyaya unguwa.

To, a nan ne abin ya fi ba ni takaici. Tun bayan farin 1973 ake ta wa'azin hamada. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa, Jihar Katsina na cikin jihohin da ya shafa. Amma me muke gani? Babban mutum ya zo da babbar riga, a miƙa masa shebur, a ɗauki hoto, a watse. Kafin sati akuya ta gama da dashen. Kai, har ina tausayin ɗan itacen! Darbejiyar da dattawa ke hira ƙarƙashinta baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, ta kama ne don wani ya kewaye ta da ƙaya, ya riƙa ɗauko mata ruwa a tulu har ta fi ƙarfin dabba.

Saboda haka ina roƙon masarauta da ƙaramar hukuma: kowane mai unguwa a damƙa masa itatuwansa da ƙidaya, baɗi a zo a ƙirga masu rai. Bangayen makarantu da asibitoci kuma a ba sauran tsofaffin maginanmu su zana, da yara a gefensu suna koyo. Wanda ya liƙa fasta a kai, a kai masa takardar tara har gida.